Sirrin da Kowa Ya Sani, Ban da Likita

A makarantarmu, idan ɗalibi ya fara samun matsalar ƙwaƙwalwa, labarinsa yana da hanya biyu da zai bi. Ta farko ita ce ta hostel da guruf ɗin WhatsApp na aji da bencin mai shayi. Wannan hanyar kwalta ce, kafin la'asar labari ya kai bakin get. Ta biyu ita ce wadda ya kamata ta kai maganar wurin nas ɗin kilinik da mai ba da shawara da jami'in jarrabawa na sashe, ita kuwa ko burji ba a zuba mata ba. Shi ya sa za ka tarar mai cajin waya ya san cewa wane "ya ɗan taɓu", amma malamin da zai rubuta masa "bai zo ba" a takardar jarrabawa bai san komai ba. Likitan da ya duba shi a asibitin cikin gari kuma wataƙila bai ma san ɗalibi ba ne.

Ina ajin ƙarshe, saura mini furojet da jarrabawar ƙarshe in tattara kayana. Kafin in tafi ina so in ajiye wa ƙungiyar ɗalibai wata magana a wannan mujalla tamu. Lokaci ya yi da za a zauna a rubuta ƙa'ida wadda za ta faɗi wane ne zai san halin da ɗalibi ke ciki, me zai sani, da izinin wa, kuma a wane hali ne za a tsallake izinin. A yanzu sa'a kawai muke dogaro da ita. Wanda ya dace da malami mai tausayi ya tsira, wanda bai dace ba ya kwashi kariyoba, ko ya bar karatun ɗungurungum.

Abin ya fi yadda muke zato

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce ɗaya cikin bakwai na masu shekara 10 zuwa 19 yana fama da wata matsalar ƙwaƙwalwa, kuma kusan rabin irin waɗannan matsaloli suna somawa ne tun wajen shekara 14. To ku dubi 'yan ND I da suka shigo bana, da yawansu 'yan 17 ne da 18. Ke nan akwai waɗanda da ciwonsu suka zo tun daga sakandare, akwai kuma waɗanda a nan zai same su. Karo na farko ke nan da suka bar gida, ga kuɗin makaranta, ga kuɗin handawut, ga mutum takwas a ɗakin mutum huɗu, ga cikin da ba kullum yake cika ba. Wasu ma daga garuruwan da 'yan bindiga suka tarwatsa suka fito, abin da idonsu ya gani bai bar su suna barci ba.

Sai kuma ƙwaya. Binciken da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa ta yi a 2018 tare da ofishin Majalisar Ɗinkin Duniya mai yaƙi da miyagun ƙwayoyi ya ƙiyasta cewa mutum miliyan 14.3 'yan shekara 15 zuwa 64 ne suka sha ƙwaya a shekarar da ta gabace shi. A 2018 ɗin ne kuma gwamnati ta hana maganin tari mai kodin bayan rahoton BBC. Mun san masu sha don holewa, amma mun kuma san wanda ya fara ne don ya samu barci, ko don ya daina tunanin abin da ke cin ransa.

Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ba su kai 300 ba, mu kuma mun haura miliyan 200. Manyan asibitocin wannan fanni a Arewa ana iya lissafa su da yatsu: Barnawa a Kaduna, Kware a Sakkwato, na Maiduguri, Dawanau a Kano, sai sassan da ke cikin asibitocin koyarwa. Ɗalibin da ya samu ganin likita ya biya kuɗin mota, ya bi layi, ya kashe yini guda. Idan abin da likitan ya ce ya tsaya a ƙofar asibiti bai iso makaranta ta hanyar da za ta amfane shi ba, an yi asarar rabin wahalar.

Inda maganar ke maƙalewa

Wuri na farko shi ne ranar rijista. Kowa ya tuna fom ɗin lafiya da aka ba mu, mai tambayar ko ka taɓa samun taɓin hankali. Wa ya taɓa amsa "e"? Ba wanda ya gaya mana wanda zai karanta fom ɗin, ko inda za a ajiye shi, ko amsar za ta iya jawo a ƙwace gurbin karatu. To mutum ya ga ya sha wahalar JAMB, sai ya ja layi a "a'a" ya wuce. Yaron da yake shan magani tun aji biyar na sakandare sai ya shigo a matsayin lafiyayye, kilinik ba ta san da shi ba sai ranar da aka kawo shi ranga-ranga.

Wuri na biyu shi ne tsakanin ofisoshin makarantar kanta. Kilinik tana da fayil ɗinta, ofishin ba da shawara yana da littafinsa, sashe yana da rijistar halartar lakca, masu tsaro suna da rahotonsu. Kowa yana riƙe da guntu. Malami ya ga ɗaliba ta daina zuwa aji. Nas ta ga ta zo sau huɗu a wata ɗaya da ciwon kai da rashin barci, aka ba ta farasitamol. Mai kula da hostel ta ga ba ta fitowa ko ɗiban ruwa. Da waɗannan ukun za su zauna minti biyar da sun gane abin da ke faruwa, amma babu takardar da ta ce su zauna.

Na uku shi ne tsakanin asibiti da sashe, kuma wannan na gani da idona. A ND I muna da wani abokin karatu da yayansa ya kai shi asibiti aka kwantar da shi mako uku, ya rasa gwaje-gwaje. Da ya dawo sai ya zo da wasiƙar likita, mai tambarin asibitin a sama da sunan ciwon a tsakiya. Shi da kansa ya riƙa yawo da ita: kilinik a buga hatimi, ofishin shugaban sashe, kodineta, sannan kowane malami da kwafinsa. Wani malamin ya ce a ba kyaftin ɗin aji ya kawo masa. Kafin mako ya zagayo an laƙaba masa suna. Wasiƙar kuma ba ta isa teburin jami'in jarrabawa ba sai da aka gama haɗa sakamako. Bai dawo ND II ba.

Ku lura da abin da ya faru. Bayanin ya yi yawa a hannun waɗanda ba sa bukatarsa, ya kuma makara wurin mutum ɗayan da yake bukatarsa. Malamin lissafi ba ruwansa da sunan ciwo. Abin da yake bukata layi biyu ne: wannan ɗalibi yana da uzurin rashin lafiya daga ranar kaza zuwa ranar kaza, kilinik ta tabbatar, a ba shi gwajinsa.

Na huɗu shi ne lokacin da muka bar makaranta: hutu, wata huɗun SIWES, ko shekarar aikin koyon sana'a kafin HND. Wanda yake karɓar magani a nan sai a tura shi wani gari ba tare da takardar da zai nuna wa wani asibiti ba. Magani ya ƙare, ya daina sha, ciwo ya dawo a inda babu wanda ya san tarihinsa.

Me ya sa muke ɓoyewa?

Masu cewa ɗalibai su daina ɓoye ciwo suna da gaskiya, amma su fara tambayar abin da muke tsoro. A wajenmu kalmar "mahaukaci" ba ta wankuwa. Yarinya ta san idan maganar ta fita, ranar da aka zo binciken aure sai an tono ta. Namiji yana tunanin ranar neman aiki. Magana zarar bunu ce, in ta fita ba ta komawa, kuma a zamanin sikirinshot ko shekara goma aka yi tana nan a wayar wani.

Akwai tsoron hukunci kuma. Sashe na 231 na kundin Penal Code na Arewa ya tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara ɗaya, ko tara, ko duka biyun, ga wanda ya yi yunƙurin kashe kansa. Gana ta cire irin wannan laifi daga dokarta a 2023. Ku sa kanku a matsayin abokin ɗakin wanda ya yi yunƙurin: za ka kira hukuma, ko za ka rufa asiri ka ce zazzaɓi ne? Haka mai shaye-shaye yake jin idan ya buɗe baki a kilinik, gobe yana gaban kwamitin ladabtarwa.

Wannan ɓoyon ba ya hana a nemi magani, sai dai a nema a inda ba ido. Mun tuna Satumbar 2019, lokacin da 'yan sanda suka fito da mutum sama da 300 daga wani gida a Rigasa, wasu da mari a ƙafa. Iyaye ne suka kai yawancinsu, da niyyar gyara. Ba na raina addu'a, kuma na san gidaje da yawa malam za a fara nema kafin likita. Amma addu'a ba ta hana zuwa asibiti, kuma iyayen da makaranta ta yi wa bayani cikin mutunci, ta nuna musu ƙofar asibiti, da wuya su kai ɗansu gidan mari.

Doka tana gefenmu

Abin da da yawanmu ba mu sani ba shi ne ba alfarma muke roƙo ba. Dokar Lafiya ta Ƙasa ta 2014 ta ce bayanin lafiyar mutum sirri ne, ba a bayyana shi sai da izininsa a rubuce, ko da umarnin kotu, ko idan ɓoyewar za ta jefa lafiyar jama'a cikin babban haɗari. A Janairun 2023 aka sanar da sa hannun Shugaba Buhari a kan Dokar Lafiyar Ƙwaƙwalwa, wadda ta maye gurbin tsohuwar dokar mahaukata ta 1958, ta kuma hana nuna wa masu wannan lalura bambanci, ta kare sirrinsu. A Yunin shekarar kuma Shugaba Tinubu ya sa hannu a Dokar Kare Bayanan Jama'a, wadda ta sa bayanin lafiya cikin bayanan da ake tsananta kiyaye su, amma ta bar ƙofa a yi amfani da su idan ran mutum na cikin haɗari kuma ba ya iya ba da izini.

Idan ka haɗa ukun, ƙa'idar a fili take: sirri shi ne asali, izini shi ne mabuɗi, ceton rai kuma yana gaba da komai. Matsalar ita ce waɗannan dokoki suna Abuja, ba su sauko teburin sakataren sashe ba. Sai ka ga ma'aikaci ɗaya yana fakewa da "sirri ne" ya ƙi gaya wa kowa komai ko da yaro na neman halaka, wani kuma yana karanta wasiƙar likita da ƙarfi a ofis cike da mutane. Dukansu ba mugunta ba ce, ba a taɓa koya musu ba ne.

Maganar iyaye

Nan ne wurin da ya fi wuya, kuma mun sha gardama a kai a ɗakinmu. Wasu suna cewa iyaye ke biyan kuɗin makaranta, su za a kai wa gawa in abu ya ɓaci, don haka haƙƙinsu ne su sani. Wasu suna cewa wanda ya kai 18 baligi ne, kuma wani lokacin gidan ne ma tushen ciwon: auren da ake son tilasta wa yarinya, ko uban da zai ce a dawo gida karatu ya ƙare. Kowane ɓangare yana da hujja.

Jami'ar Biristol ta Ingila ta shiga wannan tsaka mai wuya bayan mutuwar ɗalibai da dama. A 2018 ta fito da tsari mai sauƙi: lokacin rijista ana tambayar ɗalibi ko ya yarda a tuntuɓi wani da shi ya zaɓa idan jami'a ta ga lafiyarsa na cikin mummunan hali. Sama da kashi 90 cikin 100 suka yarda. Ashe matasa ba ƙin a taimake su suke yi ba, so suke a tambaye su tukuna.

Ba sai mun je Ingila ba ma. Tun 1954 Farfesa Thomas Adeoye Lambo ya fara tsarin ƙauyen Aro a Abekuta, inda maras lafiya ke zama a gidajen ƙauye tare da wani ɗan uwansa, yana zuwa asibiti da rana. Ya gane cewa ɗan Afirka ba ya warkewa shi kaɗai. Abin da nake ƙarawa shi ne a bar ɗalibi ya nuna ɗan uwan da bakinsa. Wata uwarta za ta zaɓa, wani kawunsa, wani yayarsa, wani limamin unguwarsu ko faston cocinsu. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Waɗanda ba su kai 18 ba kuwa, dole iyaye ko mariƙa su shigo, amma ko su a fara gaya musu kafin a ɗaga waya.

Abin da nake so ƙungiya ta nema

Na ɗaya, a gyara fom ɗin rijista. A rubuta a jikinsa, da Hausa da Turanci, cewa ma'aikatan lafiya kaɗai za su ga amsar, kuma ba za ta taɓa gurbin karatu ba. A ƙara wurin da ɗalibi zai rubuta sunan wanda ya amince a kira, tare da damar canza sunan duk lokacin da ya so.

Na biyu, wasiƙar likita ta tsaya a kilinik. Daga nan kilinik ta fitar da takardar uzuri iri ɗaya ga kowane ciwo, ko taifod ne ko karaya ko ciwon damuwa, babu sunan ciwo, babu sunan asibiti. Ta tafi kai tsaye wurin jami'in jarrabawa cikin kwanakin da aka ƙayyade. Kada a sake ba ɗalibi takardarsa yana bin ofis-ofis da ita.

Na uku, a naɗa mutum ɗaya sananne, daga kilinik ko ofishin ba da shawara, wanda malami ko mai kula da hostel ko abokin ɗaki zai kai wa damuwarsa. Shi ne kuma zai riƙa magana da asibitin da ake tura ɗalibanmu, domin idan an sallami ɗalibi, da izininsa, a san ya dawo, a san ranar komawarsa ganin likita. Wanda zai tafi SIWES ko hutu a ba shi takardar da zai nuna a asibitin garin da za shi.

Na huɗu, a raba kilinik da kwamitin ladabtarwa. Wanda ya kawo kansa neman taimako kan shaye-shaye ko tunanin kashe kai, abin da ya faɗa kada ya zama shaida a kansa. In ba haka ba, ba wanda zai zo.

Na biyar, a fayyace lokacin da za a tsallake izini: idan rai na cikin haɗari, nasa ko na wani. A rubuta wa zai yanke wannan shawara, wa za a kira, kuma a gaya wa ɗalibin abin da aka yi da dalilinsa. A kuma sa hukunci a kan ma'aikacin da ya fitar da sirri ba bisa ƙa'ida ba, da wurin da za a kai ƙararsa.

Na san amsar da za a ba mu: babu kuɗi, babu ma'aikata. To a duba jerin nan da kyau. Ba gini a ciki, ba mota, ba na'ura. Fom ne da takardar uzuri da kabad mai makulli da horon yini ɗaya. Duk shekara muna biyan kuɗin lafiya cikin kuɗin rijista, muna da bakin tambaya. Wasu malaman za su ce su ba likitoci ba ne. Gaskiya ne, kuma ba wanda ya ce su zama. Malamin da ya ga kujera ta yi mako uku babu mai ita, abin da ake so kawai ya san lambar da zai kira. Masu tsoron ɗalibai za su fake da wannan su guje wa jarrabawa kuwa, ai tsarin da kilinik ke tantancewa ya fi wuyar ha'inci a kan na yanzu, inda kowa ke zuwa da takardar da ya samo.

Namu kason

Ba zan ɗora wa hukuma komai ba, domin hanyar kwaltar nan da na faɗa da farko mu muka shimfiɗa ta. Mu ne muke ɗaukar bidiyon wanda ya fita hayyacinsa a hostel maimakon mu rufa masa zane. Mu ne muke turawa guruf da 'yar fuskar dariya. Ciki ba don tuwo kaɗai aka yi shi ba. Idan abokinka ya gaya maka abin da ke damunsa, wuri ɗaya ya halatta ka kai maganar, wurin wanda zai iya taimakonsa, kuma ka gaya masa za ka kai. Idan ya ce maka ya gaji da rayuwa, kada ka ɗauka wasa ne, kada ka bar shi shi kaɗai, kada kuma ka yi masa alkawarin yin shiru. Gara ya yi fushi da kai yana raye.

Zaɓen ƙungiya yana tafe. 'Yan takara za su zo da alkawarin ruwa da wuta da motar ɗalibai kamar kullum, kuma duk muna bukatarsu. Ina roƙon 'yan ND I da za su gaje mu, ranar muhawara wani ya miƙe ya tambayi mai neman kujerar walwala: idan na kwanta asibitin ƙwaƙwalwa gobe, wa zai ga takardata? In ya kasa amsawa, ku ba shi wannan shafin ya je ya karanta, sannan ku sa ya kai maganar gaban majalisar ɗalibai a zamanta na farko.